Takarar Maigidana da Alamar da Na Koya wa Matan Unguwa

Edita, ina yi maka sallama tare da roƙon ɗan fili a mujallarku, in sauke wani abu da na daɗe ina ɗauke da shi a zuciya. Ba zan kama sunan kowa ba, domin yawancin waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu, wasu ma kusan kullum muna haɗuwa a gidan suna ko gidan gaisuwa.

A lokacin da sojoji suka ce za su koma bariki su bar wa farar hula mulki, ni matar aure ce mai 'ya'ya huɗu, ban daɗe da haura talatin ba. Muna zaune a Mandawari cikin gidan gado, mu da yayan maigidana da iyalinsa, kowa da sashensa. Sana'ata ɗinki, da kekena a ƙuryar ɗaki, kuma daga Ƙofar Wambai ake sayo min zare da maɓalli, don a can Yaya yake da rumfa. Maigidana ma'aikacin jinya ne a wani asibitin gwamnati. Ba likita ba ne, amma duk unguwa Dakta ake ce masa, ya gyara wa mutane har ya gaji ya bar su. In ya taso daga aiki ba ya samun hutu. Wannan ta kawo yaro da zazzaɓi, wancan ya zo a wanke masa gyambo, wata tsohuwa ta aiko a je a gwada mata jini. Zaurenmu ya zama kamar ƙaramin asibiti, kuma ban taɓa ganin ya miƙa hannu ya karɓi wani abu ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne yaran da amai da gudawa ke kwashewa duk damina saboda rashin ruwa mai kyau da kwatocin da suka toshe. Yakan dawo daga jana'izar yaro ya ce wannan mutuwa ce da ake iya tarewa da izinin Allah, in da akwai mai faɗa a ji.

Da aka fara kafa jam'iyyu, sai dattawan unguwa da matasa suka yo tawaga suka same shi. Suka ce sun shiga wata jam'iyya mai tasowa, kuma suna son ya tsaya musu takarar majalisar wakilai ta tarayya, domin babu lungun da ba a san shi ba a wannan yanki na cikin gari. Ya ce su ba shi lokaci. Yaya, wanda ya yi siyasa tun ta farar hular da ta gabata har ya sha ɗauri a kanta, ya ce shi ba zai hana ba, amma a sani cewa siyasa ba zaure ba ce, kuma dole sai an ajiye aikin gwamnati kafin a shiga. Ni kuwa tun ranar da na ji maganar raina ya biya. Ba zan ɓoye ba, akwai son in ga an gyara unguwa, akwai kuma son in ga mun fita daga ɗakin da ke yoyo, in ga ni ma ana yi min kallon wata. Na riƙa nuna masa cewa Allah ne ya kawo damar da ya daɗe yana roƙo. Ya yi istihara, ya shawarci malaminsa, daga ƙarshe ya rubuta takardar barin aiki.

Daga nan gidanmu ya sauya kama. Tukunya ba ta sauka daga murhu, tabarmi ba a naɗe su. Na rufe kekena da zane na shiga aikin jam'iyya gadan-gadan. Ni da wata maƙwabciyata, wadda ta girme ni kaɗan kuma nake kira Yaya Babba saboda shaƙuwa, mu ne aka ɗora wa shiga gidaje wurin mata. Ita ce shugabar matan jam'iyya ta unguwarmu, mace mai baki da kwarjini, wadda ita ta yi min wankan jego a haihuwata biyu. Da yake yawancin matan da muke shiga wurinsu ba su yi boko ba, abin da muke koya musu ɗaya ne: alamar jam'iyya. Mukan tafi da hoton alamar da ɗan shuni a murfin kwalba, mu kama babban yatsan mace mu dangwala mata a kai, mu ce duk inda ta ga wannan alama to ta ga Dakta. Tsofaffi har waƙa suka mayar da abin. Mun shiga gidajen da ban taɓa sanin akwai su ba, ta lungunan da mutum biyu ba sa iya jerawa. Da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi jam'iyyarmu ta share akwatunan unguwar, haka ma a na gwamna. Kowa ya san guminmu ne. Mata suka fara kirana uwargidan Onarabul, ina cewa su bari, alhali raina fes.

Bayan ƙaramar Sallah aka zo maganar fid da gwani na majalisar tarayya. Muna shirin zuwa wurin taro sai manyan jam'iyya suka aiko maigidana ya je. Ya dawo bayan la'asar, ya cire hula ya ajiye, ya ce min an yi maslaha. An roƙe shi ya janye wa wani mutum da bai daɗe da shigowa jam'iyyar ba, amma yana da uban gida mai ƙarfi, kuma shi ya ɗauki nauyin motoci da fostoci na zaɓukan da suka wuce. Sun ce ya yi haƙuri, in an kafa gwamnati ba za a manta da shi ba. Na lura ransa ya sosu, amma yana neman ya haƙura. Ni ce ban haƙura ba. Na yi kuka, na ce an ci amanarmu, an sa ya bar aikinsa an kuma yi masa sakiyar da babu ruwa. Ana cikin haka sai ga wakilan wata jam'iyya da ba ta da ƙarfi a Kano, suka ce tikitinsu na nan babu mai hamayya, ya zo kawai ya karɓa.

Yaya ya kira mu sashensa mu biyu, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce ko dai ƙaninsa ya haƙura ya zauna a inda yake, ko ya wanke hannunsa daga siyasar baki ɗaya a nemi hanyar komawa aiki tun da sauran zafi. Na yi abin da ban saba ba, na sa baki a gaban Yaya, na ce ai mutane Dakta suke so ba jam'iyya ba, ko a kan dutse ya tsaya za su bi shi. Yaya ya dube ni cikin natsuwa ya ce, “Amarya, a takardar ƙuri'a babu sunan mijinki, babu hotonsa. Alama ce kawai. Kuma ke kika koya musu ita da hannunki.” Har yau Amarya yake kirana. Na ji maganar, amma ban bar ta ta shiga ba. Muka koma ɗaki na ci gaba da zuga, har maigidana ya sauya sheƙa.

Makonni kaɗan suka rage a yi zaɓe, kuma a cikinsu ne na gane mene ne jam'iyya. A da ina ganin kamar mu ne muke ɗauke da ita, ashe ita ma tana ɗauke da mu ta inda ban lura ba. A tsohuwar jam'iyyarmu kowace mazaɓa akwai shugaba, akwai matasa masu liƙa fosta, akwai wanda zai tsaya a rumfar zaɓe ya sa ido. Sabuwar kuwa ofishinta wani ɗan shago ne a wajen Ƙofar Kabuga, da benci ɗaya da tuta, shugaban ma sai an yi sa'a ake samunsa. Duk abin da za a yi sai dai daga gidanmu ya fito. Matasan da suke kwana suna tashi a zaurenmu suka ragu, ba don sun ƙi Dakta ba, sai don iyayensu da iyayen gidansu suna can inda muka baro. Wasu sukan zo su gaishe shi a kunyace su wuce.

Na ɗauki sabuwar alama na koma gidajen da na shiga a baya, wannan karon ni kaɗai. Nan na sha wahalar da ban taɓa sha ba. In na ce wa mace ta manta da waccan alamar ta riƙe wannan, sai ta yi min kallon wadda ta zautu. Wata tsohuwa da maigidana ya daɗe yana kula da ciwon sukarinta ta riƙe hannuna ta ce, 'yar nan, ba ke kika ce in na ga waccan na ga Dakta ba, to yanzu Daktan ne ya canja ko idona? Na yi ta bayani, tana gyaɗa kai, amma na san ban bar komai a kanta ba. Wasu gidajen kuma mazan suka hana ni shiga, suka ce ba sa son a rikita musu iyali.

Abin da ya fi yi min ciwo shi ne Yaya Babba ba ta biyo mu ba. Ta shigo har ɗakina ta gaya min gaskiya, cewa an zalunci Dakta kuma ta faɗa wa manyan haka a gabansu, amma ita ta riga ta ɗauki alkawari, mata da yawa sun shigo ta dalilinta, ba za ta watsar da su a tsakiyar kogi ba. Ta roƙe ni in lallashe shi ya dawo. Na ce mata ta fita min daga ɗaki. Daga ranar na daina amsa gaisuwarta, na hana 'ya'yana shiga gidanta, da 'yarta ta haihu ban je barka ba, ban je suna ba, alhali katanga ɗaya ce tsakaninmu, ina jin guɗarsu. A waje kuma 'yan koren jam'iyyar da muka baro suka shirya waƙar habaici, suna wucewa da mota da lasifika suna kiran maigidana bazawara mai auren kwana biyu. Babban ɗana ya dawo daga makaranta da fasasshen leɓe saboda wannan waƙa.

Ranar zaɓe na yi sammako na tafi makarantar firamaren da rumfarmu take. Layin mata ya yi tsawo, kuma da yawa suna ganina suna murmushi suna ɗaga min hannu, har na fara jin ƙarfi. Bayan an gama jefawa wasu suka zagaye ni suna murna, suna cewa sun yi wa Dakta, sun cika alkawari. Na tambayi ɗaya a kan wace alama ta dangwala. Ta faɗa min cikin alfahari, tana nuna min yatsanta mai tawada. Tsohuwar alamar ce. Na tambayi ta biyu, ita ma haka. Ban iya tambayar ta uku ba. Da aka zazzage akwati aka ƙirga a gaban jama'a, ƙuri'un maigidana a rumfar ƙofar gidansa ba su kai yawan mutanen da yake dubawa a zaure a yini guda ba. A sauran mazaɓu ma ba mu da wakilan da za su gaya mana abin da aka samu. Wanda aka sa shi ya janye wa shi ya lashe, da ƙuri'un matan da suka je don Dakta.

Maigidana ya tashi ya yi alwala. Ya je masallaci, ya dawo, ya ci abinci kaɗan. Mutanen sabuwar jam'iyyar ba mu sake ganin ko ɗaya ba, shagon ma aka ce an mayar da shi wurin sayar da fura. Ya gwada komawa asibitin da ya baro aka ce an riga an cike gurbinsa. Ba a daɗe ba wata rana yana alwalar azahar a tsakar gida na ji buta ta faɗi. Na fito na same shi a kwance, bakinsa ya karkace, hannunsa na dama ba ya motsi. Mutumin da ya yi shekaru yana gwada jinin unguwa bai tsaya ya gwada nasa ba. Yaya yana kasuwa, babu namiji babba a gidan. Na ƙwalla kira ban san ma sunan wa na kira ba, sai ga Yaya Babba ta faɗo gidan ko mayafi babu. Ba ta tsaya tambaya ba, ta fita da gudu, sai ga ta da matasa. Su suka ɗauke shi a tabarma suka bi da shi ta lungu har bakin titi. Motar da ta kai shi asibiti ita ce motar jam'iyyar da muka baro, da lasifikarta a sama da fostocin wanda ya kayar da shi a jiki, kuma wanda ya tuƙa ta yana cikin masu rera waccan waƙa. Ina kallonsa ta madubi hawaye na bin fuskarsa, yana ta danna ham.

Likitoci suka ce hawan jini ne ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Mun daɗe a asibiti, mun fi daɗewa muna jinya a gida. A wannan zama ne na ga abin da har in mutu ba zan iya biya ba. Yaya Babba ta kwashe 'ya'yana ta haɗa da nata, ita ce wanka, ita ce kitso, ita ce tura su makaranta. Matan unguwa suka raba kwana a tsakaninsu ba tare da na sani ba, kullum sai kwanon tuwo ya shigo daga wani gida, yau daga nan gobe daga can, har da gidajen da aka hana ni shiga. Tsofaffin abokan aikinsa suna zuwa bi da bi suna yi masa gashi da motsa gaɓoɓi. Matasan nan su suke ɗaga shi su kai shi banɗaki, su zaunar da shi a zaure ya sha iska, da ya fara takawa kuma su riƙe shi zuwa masallaci. Tsohuwar nan mai ciwon sukari takan sa jikarta ta jawo ta, ta zauna a gefensa tana yi masa addu'a, kuma har ta koma ga Allah ba ta san cewa ƙuri'arta ba shi ta je wa ba, don na roƙi kowa kada ya gaya mata. Yaya kuwa ya ɗauki nauyin gida biyu a kan rumfa ɗaya, kuma ko sau ɗaya bai tuna min maganar da ya yi ba. Na so ma ya yi min faɗa ko na ji sauƙi, bai yi ba. Shi ma wanda ya ci zaɓen ya zo dubiya sau ɗaya kafin ya tafi Abuja, ya zauna ya yi addu'a, ban san abin da ke zuciyarsa ba, amma zuwan ya yi.

Wata rana da hantsi Yaya Babba tana taya ni wanke kayan shimfiɗar mara lafiya, na ce mata ta yafe min. Ta ce wanne daga ciki, na korar ko na ƙin zuwa suna? Na ce duka. Ta yi dariya ta ce na korar ta yafe tun ranar, amma na suna sai na ɗinka wa jaririyar riga. Na ɗinka mata uku, kuma da su na sake buɗe kekena, wanda shi ya riƙe mu tsawon lokaci bayan haka.

Neman yafiyar maigidana ya fi yi min nauyi. Sai da maganarsa ta dawo sosai na samu ƙarfin zama a gabansa na ce ni na jefa shi a wannan hali, da na yi shiru da yanzu yana kan ƙafarsa. Ya daɗe yana haɗa kalmomin, don har lokacin harshensa na sarƙewa, sannan ya ce, “Ke kin faɗa da baki, ni na so da zuciya. Da ban so ba, da ba ki iya ba. Kada ki ɗauke min rabona na laifi.” Ya ce shi abin da yake tunani a kwancen nan ba kujerar da ya rasa ba ce, mutanen da yake ganin sun juya masa baya ne ga su suna wanke masa jiki. Ya ce da ya ci, da wataƙila har abada bai san su ba.

Bai koma aikin gwamnati ba. Da ya samu sauƙi dattawan unguwa da abokan aikinsa suka tsaya masa ya buɗe ɗan kemis a bakin lungunmu. Yau ya tsufa, yana dogara sanda, hannun dama bai dawo daidai ba, amma ya koyi aiki da hagu, kuma har yanzu iyaye mata na kawo masa jikoki ya duba. Kwatocin da suka sa shi shiga siyasa wasu an gyara, wasu suna nan yadda suke. 'Ya'yanmu duk sun yi karatu, biyu sun bi sawunsa a aikin lafiya.

Abin da na koya, Edita, shi ne ƙaunar da mutane ke yi maka daban, ƙuri'a daban, kuma wanda ya haɗa su zai zalunci kansa ya zalunci masoyansa. Jam'iyya ba riga ba ce da za ka tuɓe yau ka sa wata gobe mutane su gane ka. Mutane ne da alkawura da sabo, kuma ɗan takara komai farin jininsa a cikinta yake tafiya. Ina kira ga manyan jam'iyyu su ji tsoron Allah, su daina tura mutum ya bar abincinsa sannan su sayar da guminsa a ɗaki da sunan maslaha, don ba su san gidaje nawa suke girgizawa ba. Ina kira ga duk wanda aka zo wa da tayin takara ya tambayi waɗanda suka riga shi, ya kuma saurari amsar ko ba ta yi masa daɗi ba. 'Yan'uwana mata kuma, ranar da miji ya shigo da rauni a zuciya, ruwa yake nema ba fetur ba. Kuma duk zafin zaɓe kada ki yanke gaisuwa da maƙwabciya. Masu fosta za su tafi Abuja, ke da ita za a bari a lungu.

Ni dai na gode wa Allah da ya bar min mijina, na kuma gode wa mutanen Mandawari. Ba su zaɓe shi ba, amma su suka ɗauke shi ranar da ya faɗi, kuma ba su ajiye shi ba sai da ya miƙe. Allah ya saka musu da gidan Aljanna.